Gwiwar Gwadabe

Anka, 6 ga Yuli

Zuwa ga taubashina Malam Sodangi, a Gummi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Hauwa da yara da jikoki. Yaya damina? Mu nan ruwa ya zauna, gero ya rufe ƙasa. Ni dai ƙugu ne ke taɓa ni da safe, in rana ta ɗaga sai ya sake ni. Akuyata ta haifi biyu, ɗaya ya yi kama da kai wajen ci.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Gidan nan ba a waya a asirce. Ina ɗagawa surukai da jikoki za su ajiye abin da suke yi su kasa kunne, ga ni da murya kamar mai shela. Shi ya sa na ba Magaji direba wannan ya kawo maka hannu da hannu.

Maganar littafinka ce, na Gwadabe, wanda ka buga shekara talatin da suka wuce, ka ce mini ko ɗari biyu ba a saya ba, gara ta raba gadon saura. To wani ya tono shi ya karanta a waya da murya, yanzu duk teburin mai shayi a Anka shi ake saurare. Samari sun kafa ƙungiya, wai su 'Yan Tsaye. Suna karkata hula zuwa kunnen hagu irin ta Gwadabe, wato irin taka, don kowa ya san kanka ka zana ka sauya suna. A bayan baburansu sun rubuta maganarsa da fenti: Gwiwa ta sallah ce. Ba sa durƙusa wa kowa.

Da a nan abin ya tsaya da na yi dariya. Sai ga shi autana Ishaq, mai gyaran famfon burtsatse, shi ne ja-gabansu a nan. Ka san yana neman Rufaida 'yar Malam Abdussalam na Bukkuyum, wadda ke koyarwa a Islamiyyar babanta. An kai gaisuwar iyaye, an karɓi goro, sa rana kawai ya rage. Mako biyu da suka wuce ya je gaida Malam. Ya shiga zaure, Malam na zaune bisa buzu, yaron nan ya tsaya ƙiƙam a kansa ya miƙa masa hannu daga sama. Wani dattijo ya ce masa, yaro, ƙasa. Shi kuwa ya mayar masa da abin da ke rubuce a bayan babur. Sai da Ishaq ya iso gida saƙon Malam ya biyo shi cewa a dakata da maganar rana.

Yarinyar tana son sa, shi ma ya rame, amma ya ce Gwadabe ba ya ba da haƙuri a kan gaskiya. Ubansa ya rasu, kai ne babban namijin da yake jin maganarsa. Ni da kai kuma mun san abin da ya hana ka durƙusawa ranar nan da ka mayar littafi. Ka yi wani abu.

Taka,
Balaraba

Gummi, 15 ga Yuli

Zuwa ga Balaraba 'yar mace, wadda har yanzu ba ta koyi gaida ɗan namiji da ladabi ba.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso lafiya, sai ɗan manja da Magaji ya ɗiga mata. Muna lafiya. Hauwa na gaishe ki, ta ce ki riƙa shafa man kaɗanya a ƙugun. Ɗan akuyan da ya yi kama da ni ki kula da shi, irin albarka ne.

Labarin Gwadabe ya riga takardarki zuwa. Wata uku ke nan ina fitowa ƙofar gida in tarar da samari bisa babura, daga Gwashi, daga Bukkuyum, har da wasu daga wajen Abare, suna son a ɗauke mu hoto. Hauwa ta ce tunda ta aure ni ba ta taɓa ganin na wanke hula sau biyu a mako ba sai bana. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi mini daɗi. Mutum ya shuka dabino yana saurayi, ya manta da shi, ya tsufa sai a zo a ce masa ga 'ya'ya, ai ba ya cewa a mayar.

Na zauna da wasunsu na tambaye su mi suka gani a wurin Gwadabe. Wani daga Abare ya ce tun yana ƙarami yake ganin ubansa na durƙusa wa duk mai farar mota, lokacin da dalma ke kashe musu yara da bayan nan, kuma bai ga abin da durƙuson ya haifa ba. Ya ce ranar da ya ji an karanta inda Gwadabe ya tsaya a gaban babban baƙo duk makaranta na ƙasa, sai da ya kashe wayar ya fita waje. Sai na sa aka kawo masa fura.

Maganar Ishaq kuwa, ki kwantar da hankali. Fushin malami kamar wutar kara ne. Ki gaya masa in ji ni: Gwadabe bai taɓa durƙusa wa mai rai ba, kuma ban haife shi don ya tsufa ya fara ba. Amma Gwadabe ba shi da suruki, don ban yi masa aure a littafin ba. Mai neman 'yar mutane ya bar littafi a gida, ya tafi da gwiwarsa.

Wancan zancen na ranar nan da kika taɓo, shekara hamsin ta binne shi. Ki bar shi ya huta.

Ubangidanki ko kin ƙi,
Sodangi

Anka, 24 ga Yuli

Malam Sodangi,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da doguwa.

Na ajiye takardarka ƙarƙashin faifai na tafi barka, na dawo na tarar Ishaq ya gan ta. Ya ɗauki hoton layi biyu da wayarsa, daga inda ka ce Gwadabe bai taɓa durƙusa wa mai rai ba zuwa inda ka ce ba ka haife shi don ya tsufa ya fara ba. Abin da ya biyo baya na suruki bai shiga hoton ba. Na tambaye shi dalili, ya ce wancan wasan taubasai ne kake yi da ni, wannan ne saƙon. Kafin la'asar rubutun hannunka ya zaga Anka, kafin kwana biyu ya isa Bukkuyum. Yanzu a can cewa ake yi dattijon dangin ma ya ɗaure masa gindi. Jiya Malam Abdussalam ya aiko, cikin mutunci, cewa in muna da wanda zai zo ya karɓi kayan gaisuwarmu, ƙofa a buɗe take.

Ka ce in bar zancen ya huta. To ni ban manta ba, bari in tuna maka. Kana da shekara ashirin, sabon malamin firamare, an ajiye ka a gidanmu don makarantar na kusa. Kai ke koyar da tsabta. Kullum kana gaya wa yara su tace ruwan tafki da ƙyalle kafin su sha, kai kuwa in ƙishi ya kama ka a hanya sai ka duƙa ka sha da hannu. Kurkunu ya fito maka a gwiwar dama. Ni, ina 'yar shekara goma sha biyu, ni Inna ke sa wa in naɗe tsutsar a tsinke kowace safiya, kaɗan kaɗan kada ta tsinke, kana cizon hannun riga. Ka roƙe mu kada kowa ya ji, don malamin tsabta da kurkunu abin dariya ne. Ranar da babban baƙon nan ya zo rangadi, gwiwar ta kumbura kamar tulu a cikin wando. Kowa ya zube, kai ka kasa lanƙwasa ta. Ka tsaya kana zufa. Aka ce taurin kai ne, aka tura ka Gwashi horo, ka tafi kana ɗingishi mutane na cewa ga namiji. Maganar gwiwa ta sallah ce ma ba ka faɗe ta ranar ba, sai bayan shekara ashirin ka sa ta a bakin Gwadabe.

Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mijina, Allah ya jiƙansa. Yanzu ma ba zan faɗa ba, don asirinka ne. In na faɗa ma Ishaq zai ce tsohuwa ce ke son aure ya yiwu. Daga bakinka kaɗai zai ji.

Na san abin da nake roƙo. Na san ba ka da gona mai yawa, ba ka da sarauta, Gwadaben nan shi ne abin da ka tara. Amma yaron nan zai rasa matar da yake so a kan tsutsa.

Balaraba

Anka, 16 ga Agusta

Taubashi,

Salamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Sau uku ina tare Magaji a tasha, ya ce ya ba ka takarda a hannunka, ka karanta a gabansa, ka shiga gida ko ruwa ba ka ce a ba shi ba.

In maganata ta yi zafi, ka yafe mini. In kuwa ka zaɓi Gwadabe ne, ka faɗa mini in sani, ba zan riƙe ka ba, ai shi ma ɗanka ne. Har yanzu ban aika a karɓo kayan ba, ina ta ba da uzurin ruwa da hanya, uzurin ya kusa ƙarewa. Rufaida ta aiko mini da man shanu ta hannun wata mata, ba ta haɗa da magana ba. Na zauna ina kallon ƙwaryar.

A gaida Hauwa.

Balaraba

Gummi, 27 ga Agusta

Zuwa ga Balaraba.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai gajiyar hanya da za ki ji dalilinta. Ban yi fushi ba. Amsa huɗu na rubuta miki na yayyage. Ta farko na ce kin manta, ba haka aka yi ba. Ta biyu na ce ko ba kurkunu ma da ban durƙusa ba. Ta uku da ta huɗu ba su da kyan faɗa. Hauwa ta ga ina ta cika kwando da takardu ta tambaye ni, sai na gaya mata komai. Ta ce ai ta sani tun shekarar da aka kawo ta, Innarku ce ta gaya mata, ta yi shiru ne don ta ga ina jin daɗin abin. Kin ji mata.

Na san Ishaq bai gaya miki inda ya je ranar Asabar ba. Ni na kira shi na ce mu haɗu a Bukkuyum, in raka shi wurin Malam. Ya ɗauka zan je in tsaya masa ne, sai ya sanar da jama'arsa. Na sauka daga mota na tarar da babura sun kai ashirin, huluna duk a karkace, kamar iska ta bi ta kansu. Suka sa ni a tsakiya har ƙofar Malam. Ban taɓa shiga gari da irin wannan rakiya ba, kuma na san ba zan ƙara ba, don haka na tafi a hankali.

Malam Abdussalam ya girme ki kaɗan, ni na girme shi. Ya taso ya tarbe ni, ya ba ni buzunsa. Zauren ya cika da dattijan unguwa, samarin suka toshe ƙofa, Ishaq na tsaye jikin bango ya harɗe hannu. Bayan an gaisa an sha ruwa, na ce ina da tatsuniya, ko da yake rana ce. Na naɗe ƙafar wando har sama da gwiwa na nuna musu tabon. Na ba su labarin tafki, da tsinke, da 'yar yarinyar da ke naɗewa, da zufar da na yi a gaban baƙo. Na gaya musu bayan gwiwar ta warke ma sai na ga suna ya riga ya bi ni, dole na ci gaba da tsayuwa, shekara hamsin ina gaida manya a tsaye ina jin kunya a ciki, don kada a ce Sodangi ya lanƙwashe.

Dattijan suka yi ta dariya, wani har da share hawaye, don rabinsu suna da irin tabon. Samarin ba su yi ba. Can Ishaq ya ce, “Baba, in da gwiwar lafiya take ranar nan, da ka durƙusa?”

Na ce, “Tun motar baƙon ba ta gama tsayawa ba.”

Balaraba, na ga fuskar yaron nan. Da na san haka za ta yi, da wataƙila na rubuta amsa ta biyar na zauna a gida. Ya tambaye ni ko ke nan duk littafin ƙarya ne. Na ce masa tsayuwar ta kurkunu ce, amma maganganun da Gwadabe ya gaya wa baƙon, na rijiyar da aka yi alkawari ba a haƙa ba da yaran da ke zaune a ƙasa, su ne abin da na so in faɗa ranar nan tsoro ya hana ni. Na ƙirƙiri mutumin da ya fi ni ne na ba shi hulata. Na ce in za su yi koyi da shi su yi a gaban mai farar mota, ba a gaban mutumin da ya raini 'ya shekara ashirin da huɗu zai ba su kyauta ba.

Sai Malam ya yi magana, kuma a nan ne na gane mun yi wata biyu muna jinyar ciwon da ba shi ba. Ya ce shi bai taɓa neman a durƙusa masa ba, ɗalibansa ma yana hana su, don shi ma a karatunsa gwiwa ta Allah ce. Abin da ya dame shi, ya ce, mutum ya shigo zaurensa neman 'yarsa, a yi masa magana, ya amsa da bakin wani mutum na cikin littafi. Ya ce, “Ni Ishaq na ba 'yata. In Gwadabe ne zai zauna da ita, ban san shi ba, ban san iyayensa ba.” Na ce ai ni ne iyayensa, ga ni nan zaune, kuma ban ba da shawarar a ba shi ko kaza ba.

Malam ya matsa gefe a kan tabarma ya ce wa Ishaq ya zo ya zauna su yi magana, shi da shi. Yaron ya daɗe a tsaye. Abokansa na kallonsa, ni ina kallon ƙasa. Daga baya ya cire takalmi ya zo ya zauna. Muka fita muka bar su.

A waje samarin suka dare mini hanya. Wasu suka tada babura suka tafi. Na Abaren nan ya biyo ni har tasha, ya ce shi dai zai ci gaba da sauraren littafin, don ba gwiwata ya bi ba. Ya riƙe mini jaka har na shiga mota. Ishaq bai zo sallama ba. Ban san abin da suka ƙulla da Malam ba, kuma tun ranar ba wanda ya zo ɗaukar hoto. Ki rubuto mini ko mi ke nan, mai daɗi ko marar daɗi.

Sodangi

Anka, 8 ga Satumba

Zuwa ga taubashina Malam Sodangi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ban taɓa yi maka ba, kada kuma ka saba. Muna lafiya. Gero ya fara fitar da kai, tsuntsaye sun fara damun mutane. A gaida Hauwa, ka ce mata ta iya riƙon magana.

Na jinkirta amsa ne don ba ni da abin faɗa. Ishaq ya dawo daga Bukkuyum bai ce mini komai ba. Kwana tara yana fita aiki da sassafe ya dawo ya ci tuwo ya shige ɗaki. Na karanta takardarka sau uku, ta ukun a bayan gida don kada jikoki su ga idona. 'Yan Tsaye sun rabu biyu, wasu na cewa an saye ka, wasu na cewa abin da ka yi a zauren nan sai Gwadabe. Mai shayin bakin kasuwa ya ce ciniki ya ƙaru tunda aka fara gardamar.

Shekaranjiya mutanen Malam suka zo, su uku, da goro. An sa rana, Asabar ta biyu bayan an gama yankan dawa. Na yi guɗa har ƙuguna ya tuna mini da kansa.

Da suka tafi na ce wa Ishaq sai a fara tunanin wanda zai karɓa masa aure, tunda ubansa ba ya nan. Na kawo sunan baffansa na Tungar Guru. Ya yi ta juya cokali a kofi. Ya ce har yanzu yana jin haushinka, kuma bai san ranar da zai daina ba. Na ce to baffan ke nan. Ya ce a'a. Ya ce wakilin ango shi ne mutumin da zai buɗe baki a gaban jama'a ya yi magana a madadinsa, kuma shi a duk danginmu mutum ɗaya ya taɓa gani ya faɗi abin da zai rage masa girma ba wanda ya tilasta shi. Ya ce in rubuta in tambaye ka, don shi ba zai iya kiranka ba tukuna.

To na tambaya. Kada ka rubuta amsa huɗu, Magaji zai juyo ranar Laraba.

Taka har kullum,
Balaraba